Abokin Karawar Baba

Ranar da wuƙa ta faɗi daga hannun Baba ina tsaye a gefen teburinsa, na zo karɓar saƙon Inna. Mahaifina mai soya ne, wato mai tsire, a Briqueterie, unguwarmu ta Hausawa a Yawunde, wadda kowa ke gajarta wa suna ya ce Brik. Tun kafin a haife ni yake yanka nama a wannan bakin titin, yana barbaɗa yaji yana naɗe wa mutane a takarda, kuma ban taɓa ganin wuƙa ta kuɓuce masa ba. Ran nan ta faɗi kan katako, ya kai hannu zai ɗauka, yatsun suka ƙi rufuwa. Ya tsaya yana harar hannun, ransa a ɓace, kamar yadda yake hararmu idan ya aike mu muka yi gardama.

Likitar da ta duba shi mace ce, 'yar kudu, ba ta jin Hausa. Shi kuwa Baba Faransancinsa bai wuce na bakin tebur ba, a sa yaji ko kada a sa, don haka ni na zama tafinta. Ta ce hawan jini ne, abin da mu a nan muke kira tansiyo. Ta ce wannan gargaɗi ne kawai, hannun zai dawo, amma idan aka yi sake na gaba zai kwantar da shi gaba ɗaya, ko ya tafi da shi. Ta rubuta magani, ta hana shi gishiri da kitse, sannan ta dube shi ta ce, "Du sport, Papa. Tous les jours."

"Me ta ce?" in ji Baba.

"Ta ce ka riƙa yin spor kullum."

"Yi mini Hausa."

Nan na tsaya ina sosa ƙeya. Mu da muka tashi a Brik muka yi makarantar Faransanci, spor muke ce wa komai. Ƙwallon da muke bugawa ranar Lahadi da safe spor ne, gudu spor ne, ɗaga ƙarfe spor ne, har matan ofis da ke taruwa suna karkaɗa jiki da kiɗa kafin su tafi aiki, su ma spor suke yi. A rediyon Najeriya da Baba ke saurare ina jin ana cewa wasannin motsa jiki, ko guje-guje da tsalle-tsalle. Amma na san idan na ce wa dattijo mai furfura likita ta ce ya je ya yi guje-guje da tsalle-tsalle, a nan zaman zai tashi.

Wasa kuwa, a bakin Baba, abu ne mai nauyi. Mu jikokin mahauta ne, kuma dambe gadon mahauta ne. Yana saurayi kakanmu ya tura shi Najeriya wajen kawunsa don ya koyi fawa, ya yi shekara huɗu yana bin 'yan dambe ƙauye-ƙauye da kaka. Daga can ya dawo da tabo a gira da rabin haƙori. Idan ya ce wane ɗan wasa ne, yana nufin mutumin da aka naɗe wa hannu da igiya, aka kaɗa masa kalangu, ya shiga fili ya tsaya gaban wani namiji har ɗayansu ya taɓa ƙasa. Ƙwallon ƙafa ya yarda wasa ne, tunda akwai mai ci, sai dai bai taɓa yafe wa ƙarti ashirin da biyu su yini suna gudu su tashi babu ci ba.

Daga ƙarshe na ce, "Ta ce ka riƙa motsa jiki."

"Ni da nake tsaye gaban wuta tun azahar har isha, jikin wa nake motsawa?"

Na fassara wa likita, ta yi dariya, ta ce tsayuwa daban. Tafiya take so, rabin awa kowace safiya, ba tsayawa, har gumi ya fito.

Abin da likitar ba ta sani ba shi ne, dattijo ba ya iya tafiyar rabin awa a Brik ba tare da tsayawa ba. Ranar farko muka fito bayan sallar asuba, ni da shi. Daga ƙofar gidanmu zuwa bakin kwalta tafiyar minti uku ce, muka yi minti arba'in. Tela yana buɗe shago, sai an gaisa. Malamin allo yana shimfiɗa tabarma, sai an gaisa. Ina kwana, ina gajiya, ya iyali, ya jikin kuma, ashe abin da ya faru ke nan, Allah ya ƙara sauƙi. Wanda ya girme shi Baba zai rage tsawo, wanda ya girma zai durƙusa masa, shi kuma ba zai wuce ya bar mutum a durƙushe ba. Kuma kowa sai ya rufe da tambaya ɗaya: ina za a je da sassafe haka, lafiya dai? Baba ba zai iya buɗe baki ya ce babu inda za shi ba. Sai ya ce, "Nan gaba kaɗan."

Da muka samu muka kai kwalta, sai 'yan moto, masu haya da babur. Rabinsu 'ya'yan unguwa ne da suka girma suna cin guntun soyarsa kyauta. A wurinsu, su ga Baba yana tafiya a ƙasa su wuce, abin kunya ne da zai bi su har gida. Ɗaya bayan ɗaya suke cin birki: "Baba, hau in kai ka." Ya ƙi na farko, ya ƙi na biyu. A rana ta uku wani ya sauka daga kan babur ɗin ya rantse ba zai motsa ba sai Baba ya hau. Haka aka kwashe shi zuwa kasuwar Mokolo inda ba shi da abin yi, ya sayo tsintsiya don kada ya dawo hannu rabbana. Inna ta karɓi tsintsiyar ta jujjuya ta, ta ce, "Sannu da spor, Malam." Ta yi dariya har da hawaye, amma da ta shiga ɗaki na ji dariyar ta koma kuka, don ita ma ta ji abin da likita ta faɗa.

Sai na yi dabara. Na ce mu bar unguwa, mu je inda ba a san shi ba. Muka riƙa shiga taksi zuwa bayan Tsinga, inda wata hanya ta miƙe ta hau tudu ta nufi wajen Cité Verte. Da safe nan 'yan spor ke taruwa, ma'aikata masu tumbi da matansu, kowa da farin takalmi da gorar ruwa. Baba ya sauko cikin jamfarsa da hula, ya tsaya yana kallonsu suna hawa suna sauka.

"Wa suke bi?"

"Ba kowa, Baba."

"To wa ke ci?"

"Babu mai ci. Don lafiya ake yi."

Ya nemi bakin kwalbati ya zauna, ya ciro carbi. Ya ce wannan ba wasa ba ne, wahala ce da takalmi mai tsada, kuma shi bai tsufa da zai bi sahun mutanen da ke gudu babu mai korarsu ba.

Ni ne ɗansa na fari, kuma a gidanmu akwai kunyar ɗan fari. Ba ya kiran sunana, ba ma doguwar hira, tun ina yaro magana tsakaninmu ta aike ce da amsawa. Amma ina da zuciya, a wurinsa na gado ta. Na tuna yadda yatsun nan suka ƙi rufuwa, na ga shi kuma zaune yana jan carbi hankali kwance, sai raina ya ɓaci. Na ce, "Ka dai ce ba za ka iya hawa ba, Baba. Ba laifi, tudun da tsawo."

Ban taɓa yi masa magana irin wannan ba. Ya ɗago ya dube ni. Sai ya mayar da carbi aljihu, ya miƙe, ya naɗe hannun riga.

"Ina ne iyaka?"

Na nuna masa wani mangwaro a can ƙoli. Tsakaninmu da shi sandunan lantarki goma sha huɗu ne, daga baya muka ƙirga. Ya kafa doka da kansa: ba gudu, tunda likita tafiya ta ce, ba riƙe juna, kuma wanda ya fara dafa mangwaron shi ya ci.

Shi ya ci ran nan. Ni na bar shi. Ina da shekara talatin da 'yan kai a lokacin, ina buga ƙwallo duk Lahadi, da na so da na kai na dawo kafin ya yi rabi. Amma na riƙa jan ƙafa a bayansa, ina sauke numfashi da ƙarfi don ya ji, har muka isa ya dafa bishiyar da tafin hannu, gumi na zuba daga ƙarƙashin hularsa. A taksi na ga yana murmushi shi kaɗai.

Wata biyu muka yi a haka. Kullum shi ke tashe ni, kullum shi ke ci. Na ƙware a wasan kwaikwayo: wani lokaci in wuce shi a sanda ta takwas, in bari ya kamo ni a ta goma sha biyu, in dafa gwiwa a ƙarshe ina haki. Tansiyo ya sauka, hannu ya dawo, likita ta yaba. A bakin teburin soya kuwa babu wanda bai ji labari ba. Yana yanka nama yana ce wa abokansa, "Yaran yanzu da spor ɗinsu. Ga nawa nan, kullum sai na bar shi a baya." Ni kuma in sunkuyar da kai a yi mini dariya, a raina ina jin babu mai wayo kamata a duk Yawunde.

Carbi ne ya tona ni. Wata safiya mun kai ƙoli, ya laluba aljihu ya ce ya bar shi a kan kwalbati, ga hadari ya haɗo. Ban yi tunani ba. Na sauka da sauri, na ɗauko, na hawo tudun gaba ɗaya da irin tafiyata ta gaskiya, na miƙa masa. Ko numfashina bai canza ba. Ya karɓi carbin, ya dubi ƙirjina, ya dubi hanyar da na biyo, ya daɗe yana kallonta. Muka koma gida.

Washegari bai tashe ni ba. Na je ƙofarsa na yi sallama, ya ce in tafi, yau ba ya jin fita. Rana ta biyu ma haka. Sati uku Baba bai taka tudun nan ba. Ƙafafunsa suka fara kumbura, ciwon kai ya dawo, Inna ta ce da dare tana jin yana juyi. Ta tare ni a tsakar gida ta ce, "Ban san abin da ka yi masa ba, amma ka je ka gyara. Ba zan zauna ina kallo a kwantar mini da miji ba."

Na same shi da hantsi a wurin sana'a, kafin a hura wuta, yana soke nama a tsinke. Na durƙusa na ba shi haƙuri. Na ce don lafiyarsa na yi.

Bai daina aikinsa ba. Ya ce, "A shekarata ta ƙarshe a Najeriya an haɗa ni da wani babban ɗan dambe da nake jin sunansa tun ina yaro. Da muka shiga fili na ga ƙafarsa ta yi nauyi. Na ji tausayinsa, na riƙa kai masa hannu rabi-rabi, har aka raba mu babu wanda ya faɗi. Na ɗauka na kyauta. Da aka watse ya kira ni bayan rumfa, ya kwance igiyar hannunsa ya ajiye a gabana. Ya ce tunda yara sun fara jin tausayinsa, shi ya gama. Bai sake shiga fili ba, bai kuma sake amsa gaisuwata ba." Ya ajiye tsinken ya ɗauki wani. "Ni na yi wa mutum sau ɗaya. Kai wata biyu kana yi mini, ina zuwa nan ina cika baki gaban mutane."

Na ji kunya irin wadda ban taɓa ji ba. Na ce, "To me zan yi, Baba?"

"Idan wasa za mu yi, ka yi tafiyarka. Idan kuma jinya ce, ka bar ni a ɗakina, na fi samun hutu."

Kwana biyu ina juya maganar. Idan na yi tafiyata ta gaskiya zai matsa wa kansa ya bi ni, kuma mai tansiyo ne, tudun nan zai iya kayar da shi. Idan na ƙi, zai zauna a ɗaki har abin da likita ta faɗa ya same shi. Na koma wurinta na kwashe labarin na gaya mata. Ta ce zaman ya fi hatsari, ya hau da ƙarfinsa, in dai zai tsaya idan ya ji jiri ko nauyin ƙirji. Baba ya yarda da wannan, ya ce ko a dambe akwai shan ruwa.

Muka koma. Muka tsaya a kan kwalbati, ya ce bisimilla, na saki ƙafa. Kafin sanda ta uku na daina jin takunsa. Ban waiwaya ba, don ya ce kada in waiwaya. Na dafa mangwaro na tsaya ina kallon ganye. Ban san tsawon lokacin da na yi a wurin ba. Can sai na ji jan takalmi da numfashi mai nauyi, ya iso ya dafa bishiyar kusa da hannuna.

Da ya samu numfashi ya ce, "Lokacin da ka kai, ina sanda ta shida. Ka ci." Ya goge fuska da hula. "Gobe sai ta bakwai."

Daga ranar lissafin ya koma na sanduna. Ni in kai ƙoli, shi ya duba inda yake. Idan muka dawo gida Inna za ta tambaya daga bakin murhu, nawa yau, shi kuma ya faɗa mata. Bakwai ta ɗauke shi wata guda. Ranar da ya kai tara ya sa aka dafa kaza, ba gishiri. Mafi nisan da ya taɓa yi goma sha ɗaya ne, a shekara ta biyu, kuma na rantse ban rage ko taku ɗaya ba. Bai taɓa cina ba, bai kuma taɓa fashi ba sai da ruwan sama mai ƙarfi ko azumi.

Ni na biya kuɗin abin da mutuncina. A wurinmu ɗa ba ya shiga gaban mahaifinsa a hanya, balle ya wuce ya bar shi yana haki. Akwai wata mata mai soya makala, wato fanke, a gindin tudun, kullum sai ta bi ni da harara, wata rana ta ce mini da Faransanci ko ba ni da kunya ne. 'Yan moto suka kai labari Brik. Limamin masallacinmu ya ja ni gefe bayan la'asar, cikin lalama, ya tuna mini haƙƙin iyaye. Na yi masa bayani iyakar iyawata. Ya ce ya fahimta, amma shi da zai ga haka da idonsa ba zai ji daɗi ba. Ban ga laifinsa ba, don ni ma da nake yi ba daɗin nake ji ba. 

Shekara huɗu muka samu. A ta ƙarshe lissafin ya fara komawa baya, takwas, shida, biyar. Ƙoda ta shiga cikin maganar, jiki ya rame, jamfar ta yi masa yawa. Na ce mu huta, ya ce ni in huta idan na gaji.

Fitarmu ta ƙarshe wata safiya ce mai sanyi, bayan an kwana ana ruwa, kimanin wata biyu kafin rasuwarsa. Muka ce bisimilla muka tashi. Ban yi nisa ba na ji takunsa ya tsaya cak. Na fara rage tafiya ba tare da na sani ba. Sai na ji muryarsa daga baya, ba ƙarfi amma sarai.

"Na ji takunka ya canza."

Na ci gaba. Na hau tudun nan duka, sanda bayan sanda, ina kuka kamar ƙaramin yaro, 'yan spor na kauce mini suna kallona. Na dafa mangwaro, sannan na juyo da gudu.

Na same shi zaune a bakin lambatu, hula a gwiwa, mai makala ta kawo masa ruwa a kofi tana tsaye a kansa. Ta buɗe baki za ta yi mini faɗa, ya ɗaga mata hannu. Ya dube ni, idanunsa sun yi ja.

"Ka kai?"

"Na kai, Baba."

"Ka dafa?"

"Na dafa."

Ya gyaɗa kai, ya kurɓi ruwan. Ya juya ya dubi sandar da ke bayansa, ya dubi wadda ke ƙasa da ita, yana ƙirgawa da leɓe.

"Biyu," ya ce. "Idan Innarku ta tambaya, kada ka ƙara mini ko ɗaya."

Da muka shiga gida na riƙe shi har ɗaki na kwantar da shi. Na fito na tarar da Inna tsaye a bakin murhu da ludayi a hannu. Ta dubi ƙofar ɗakin, ta dube ni, ta tambaya a hankali, nawa yau. Na ce biyu.